Iya Mai Daddawa: Shaidar Matar da Ta Fara da Kunne

A wata ƙaramar ikilisiya ta ECWA a ƙasar Malumfashi, kudancin Jihar Katsina, akwai wata tsohuwa da yara da manya suke kira Iya mai daddawa. Ta yarda a rubuta shaidarta bisa sharaɗin a bar sunanta da na ƙauyenta, an kuwa bar su. Ba ta taɓa hawa mumbari ba, ba ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, rubutunta ma bai wuce ta sa sunanta a katin asibiti ba. Amma in ka zauna da matan zumunta na ƙauyukan da ke kewaye, ka tambayi kowacce wa ya fara gaya mata labarin Yesu har ta gane, za ka ji ana ta ambaton Iya. Babu wani abu a labarinta da ya fi ƙarfin sauran masu bi. Aiki ne da ake iya koyo daki-daki, shi ya sa ma ya cancanci a rubuta shi.

An haife ta a gidan Maguzawa kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960. Ba takardar haihuwa, da wannan take auna shekarunta. Babban gida ne na gandu, mahaifinta ke riƙe da kan gida, wato tsafin da zuriyar ta gada, kowace shekara kuma kafin shuka sai an yi wa Uwar Gona yanka. Mace a irin wannan gida ba ta zaman ɗaki. Tana noma a gandu, tana da gayaunarta, tana dafa giya ta sayar. An aurar da ita tana ƙarama, ta shiga a mata ta biyu. 'Ya'yanta biyu na fari suka rasu kafin yaye. Aka ce iskoki ne, aka kai baƙar akuya, aka ɗaura mata guru a ƙugu, aka rataya wa na ukun layu har wuyansa ya yi nauyi. In ka tambaye ta abin da ta fi tunawa daga wancan zamani, ba ta fara da yunwa ko talauci. Tsoro take ambata: tsoron gindin tsamiya da tsakar rana, tsoron amsa kira da dare, tsoron kada mutum ya yi wa wani iska laifi bai sani ba.

Bayan farin 1973 wani mai bishara ya sauka a ƙauyen da iyalinsa. EMS ce ta turo shi, wato sashen aikin bishara na ECWA, mutumin kudancin Zariya ne, Hausarsa ma da ɗan gargada. A shekararsa ta fari bai gina majami'a ba. Ya roƙi gona wurin mai gari, ya yi noma kamar kowa, ana gayya yana zuwa, matarsa tana bin layin rijiya da sauran mata. Yana da rediyo, da yamma sai ya ajiye ta a ƙofar gida a kama tashar Kirista ta ELWA daga Laberiya, ko Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta a Jos ana watsawa daga Addis Ababa, har 1977 da gwamnatin sojan Habasha ta karɓe tashar. Maza suna zama a tabarma, mata suna tsayawa daga bayan danga da ƙwarya a hannu kamar wucewa suke. Iya tana cikin masu tsayawa.

Ta yi shekaru a bayan dangar nan ba ta ce uffan ba, matar mai bisharar kuwa ba ta taɓa tsare ta da cewa sai ta tuba yau ba. Masu gaggawa za su ce an ɓata lokaci. Ba a ɓata ba. Wanda ya tashi cikin tsoro ba ya sakin abin da yake riƙe da shi don an yi masa magana mai daɗi. Sai ya daɗe yana kallon mai maganar, ya ga ko ɗansa yana kwana lafiya ba laya, ya ga ko gonarsa ta yi albarka ba yanka.

Wata rana suna sussukar gero, matar mai bisharar ta ba su labarin da ke Markus sura 5, na mutumin da yake zaune a makabarta a ƙasar Garasinawa, wanda sarƙa ba ta riƙe shi, yana kururuwa dare da rana yana tsattsaga jikinsa da duwatsu. Da ta kai wurin da aljannun suke roƙon Yesu ya bar su su shiga garken aladu, sai Iya ta tsai da taɓarya.

"Mama, tsaya. Su ne suke roƙonsa?"

"Su ne."

"To, maimaita."

Sau uku aka maimaita mata. Abin da ta tafi gida da shi ke nan: mu muna roƙonsu, su kuwa suna roƙonsa. Ba ta kwance guru a ranar ba, sai bayan watanni. Ko da ta kwance, nata kaɗai ta kwance, ta bar layun yaron, domin yaro na ubansa ne, sai da ta nemi izini aka ba ta da ƙyar. Mai bisharar ya yi hikima a nan, bai tara jama'a ya ƙone kayan a dandali ba. Inda aka yi haka a bainar jama'a, dangi sukan ɗauka an ci mutuncin kakanninsu, ƙofar da aka sha wahalar buɗewa sai ta rufe a yini ɗaya.

Abin da ya fi kwance guru zafi shi ne barin giya, don a nan kuɗinta yake. Ta koma daddawa: a dafa kalwa yini guda, a surfa a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a shanya. Wahalar ta fi yawa, ribar ba ta kai ba, daga nan kuma ta sami sunan da ake kiranta da shi. Duk mai gaya wa mutum bishara ya kamata ya yi wannan lissafi tun da wuri. In bin Almasihu zai raba mutum da sana'arsa, da me zai ci abinci a watan gobe? Ikilisiyar da ba ta da amsa kada ta yi mamaki in ya koma.

Ta yi ajin shirin baftisma, aka yi mata baftisma, sannan ta shiga ajin karatu na manya. Ana yin sa da rani, daga bayan kaka zuwa saukar ruwan fari, da yamma sau uku a mako. Ana farawa da wasula biyar, a, e, i, o, u, sannan a haɗa su da baƙaƙe, ba be bi bo bu, kafin a zo ga masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suke rikita mai koyo har ya karanta "ƙasa" a matsayin "kasa". Abubuwa uku suke korar manya daga irin wannan aji. Ana haɗa su da yara, yaran suna dariya. Ana gaggawar miƙa musu Littafi Mai Tsarki mai ƙananan baƙaƙe kafin idonsu ya saba. Damina kuma tana zuwa a rufe aji wata biyar, a dawo an manta. Iya ta tsallake na ukun da dabara ɗaya: ko da ta dawo daga noma a gajiye, sai ta bi aya ɗaya da yatsa kafin ta kwanta. Rani biyu ta yi kafin ta iya karanta Markus ita kaɗai. Da Markus ake so a fara wa sabon mai karatu, don ita ce mafi gajarta cikin Bisharu huɗu, sura 16 ce, kuma kusan duk labari ne. Mai bisharar da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa, na 1932, yake wa'azi. Ita da ta sayar da gyaɗar gayaunarta, juyin 1979 ta saya, shi ne kuma a hannunta har ya rasa bango.

Ga yadda take karatu, kuma ba ta sauya ba tun lokacin. Kiran sallar asuba daga ƙauyen maƙwabta shi ne agogonta. Tana tashi kafin ta hura wuta, don ta san da zarar an ɗora tukunya, hankalin mace ya rabu. Takan yi gajeriyar addu'a da kalmomin Zabura 119:18, cewa Ubangiji ya buɗe idonta. Sai ta ɗauki labari ɗaya, ko aya goma zuwa goma sha biyar, ba ta wuce haka. Tana karantawa da murya sau biyu, don abin da kunne ya ji ya fi zama da abin da ido ya bi a guje. Sannan ta rufe littafin ta ba kanta labarin, kamar tana ba jikanta. In ta maƙale a tsakiya, alama ce ba ta ji ba, sai ta sake buɗewa. Bayan haka tambayoyi huɗu: me wannan ya nuna mini game da Allah, wace ce ni a cikin labarin nan, me zan yi da shi kafin rana ta faɗi, wa zan gaya wa. Duka bai fi rabin awa ba. Tsinken tsintsiya take sawa inda ta tsaya. Inda ba ta gane ba kuwa sai ta sa guntun zare, ranar Laraba bayan addu'a ta tare fasto da zarurrukanta. Fastoci da yawa sun wuce ta wannan ikilisiya, kowanne ya san zaren Iya.

Ranar Lahadi ma ba ta barin wa'azi a majami'a. Takan sa wani yaro ya rubuta mata inda aka karanta, da yamma ta buɗe ta duba ko haka yake, irin abin da Ayyukan Manzanni 17:11 ya yaba wa mutanen Biriya. Wannan ba raina fasto ba ne. Mai bi da ba ya dubawa, duk wanda ya zo da makirufo mai ƙara shi zai tafi da shi.

Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, wanda yake karanta uku zuwa huɗu kullum zai sauke shi a shekara, kuma abu ne mai kyau. Sai dai akwai masu saukewa kowace shekara da ba za su iya gaya maka abin da suka karanta jiya ba. Iya tana da doka da ta kafa wa kanta, wadda take hana ta sauri: in aya ta umarce ta da wani abu, ba ta ɗaga tsinken sai ta yi.

Dokar nan ce ta tsai da ita a Matiyu 5:23 da 24, inda Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ita da uwargidanta sun fi shekara ba sa ga-maciji, kan faɗan yara da ya zama na iyaye. Gida ɗaya, miji ɗaya, ba gaisuwa. Tsinken ya kwana, ya sake kwana, bai motsa ba. Daga ƙarshe ta ɗebo ruwa ta cika randar uwargidan, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ina kwana. Na yi miki laifi, ki yafe mini." Uwargidan ba ta ko ɗago kai ba. Washegari ta sake gaishe ta, haka jibi, har gaisuwar ta zama abin da gidan ya saba ji ba amsa. Sai da uwargidan ta kwanta ciwo, Iya ta yi jinyarta, ta wanke mata zane, ta dama mata kunu, sannan wata rana ta ce, "Ke, wane magani mutanen nan suka ba ki?" A ranar ce Iya ta fara ba wani mutum labarin Yesu da bakinta, labarin na Garasinawa ta ba ta, har zuwa aya ta 19, inda Yesu ya hana mutumin ya bi shi cikin jirgi, ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa. Uwargidan ta ba da gaskiya bayan shekaru. Mijinsu kuwa har ya rasu bai karɓa ba, ko da yake bai hana kowa zuwa sujada ba. Iya ba ta ɓoye wannan in tana ba da shaida, ba ta kuma yi masa kwaskwarima.

Misalin mai shuka, wanda yake a Matiyu 13 da Markus 4 da Luka 8, manomi ba ya bukatar dogon bayani a kansa. Irin ɗaya ne, wato Maganar Allah, ƙasar ce ta bambanta: wani ya faɗi a hanya, wani a kan duwatsu, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau. Amma a aikace, me ke taurara zuciya har ta zama hanya? Daga abin da ake gani a ikilisiyoyin karkara, gaba ce ta fari. Mutum yana zaune a benci yana jin wa'azi yana auna shi da maƙwabcinsa, "da ma wane yana nan ya ji." Na biyu sabo ne: wanda aka haifa a ikilisiya, da an ambaci ɗa mubazzari ya san ƙarshen labarin, sai kunnensa ya tafi gida ya bar shi a zaune. Maganin sabo shi ne rufe littafi a maimaita, domin a nan mutum yake gane cewa labarin da yake zaton ya sani, rabinsa ya sani.

Ƙasa mai duwatsu kuwa, sau da yawa mu ne muke shuka a kanta da hannunmu. A zo da mota da janareta, a nuna majigi, a yi kira, mutum talatin su ɗaga hannu, a rubuta sunayensu a littafi, littafin ya koma birni cikin jakar wani. Kafin mako ya zagayo, gwaji na fari ya iso: an ce ba za a ba shi gonar gado ba, ko an fasa ba shi mata, ko abokan shan giya sun sa shi a waƙa. Ba shi da kowa, ba shi da aya ko ɗaya a ka. Iya takan nemi sunayen tun a daren, ta raba wa matan zumunta, kowace ta ɗauki mace ɗaya ko biyu, a je musu kafin kwana uku. Mazan kuma ta miƙa wa dattawa, ta yi ta tuna musu har su gaji su je.

Ƙaya ce ta fi ba ta tsoro, ita kuma ba ƙaya take cewa ba, wuta-wuta take cewa. Duk mai noman gero da dawa ya san ta. Tana kama saiwa a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa, kafin furenta ya fito ka gan shi, hatsin ya riga ya tsumbure, kuma ta fi yawa a gonar da ta gaji ba taki. Haka bashi yake, da kuɗin makarantar yara, da kayan ɗakin 'ya, da adashi uku a lokaci ɗaya. Mutum bai daina zuwa sujada ba, bai yi wani abin kunya ba, amma karatun safe ya koma mako-mako, daga nan wata-wata. Shi ya sa in Iya ta ga wata ta yi sanyi, ba ta fara da tsawa. Takan tambaye ta nawa ake bin ta, wa ke ciwo a gida, yaushe rabonta da barci mai kyau.

Fita bishara kuwa a ƙungiyar Sabon Rai ta koyi tsarinta, aikin da aka fara a farkon shekarun 1960 don a sa kowane mai bi, ba fasto kaɗai ba, ya yi addu'a ya kuma fita. Biyu-biyu suke tafiya, kamar yadda yake a Luka 10:1, ɗaya tana magana ɗaya tana addu'a a zuci tana kuma lura da yara da akuyoyi kada su raba hankali. Mace wurin mata, namiji wurin maza. Ba sa zuwa ranar kasuwa, ba sa zuwa lokacin noman fari da maimai, ba sa zuwa ana tsakar girki. Bayan la'asar da rani ya fi. Ana sallama a ƙofar gida, a gai da mai gida ya san wa ya shigo da abin da ya kawo shi. In an tarar da aiki, ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale, sai a sa hannu. A gaisa sosai, a tambayi gajiya da yara da mai jiki. Sannan a nemi izini: "Akwai wani labari daga Littafi, in ba ki?" In an ce a'a, a ci gaba da hira a tashi lafiya, ba a ɓata rai. In an ce to, labari ɗaya ne, minti biyar zuwa goma, ba wa'azi a bayansa. Sai a tambaya, "Me kika ji a ciki?" a yi shiru a jira. Wannan shirun ne masu fita bishara da yawa ba sa iya jurewa, sai su amsa tambayar da kansu. A ƙarshe a tambaya ko akwai abin da za a yi wa addu'a, a yi ta gajeriya, a faɗi ranar dawowa, a kuma dawo a ranar. Rabin awa ya isa ziyara ɗaya.

Ba ta fara wa wanda bai san komai ba da gicciye. Takan bi jeri: halitta, Adamu da Hawwa'u, Kayinu da Habila, Nuhu, Ibrahim da ragon da ya maye gurbin ɗansa, Yusufu, ɗan ragon Ƙetarewa a zamanin Musa, Dawuda, bawan da Ishaya 53 ya ce an soke shi saboda laifofinmu, sannan haihuwar Yesu, mu'ujizansa, mutuwarsa da tashinsa. Labari ɗaya a mako, wata uku zuwa huɗu ke nan. Dalilin jerin a fili yake. Wanda bai ji yadda zunubi ya shigo ba, bai kuma ji ma'anar hadaya ba, in ka ce masa Yesu ya mutu dominsa, tambayar da za ta zo masa ita ce wa ya aike shi.

Maƙwabtanta Musulmi suna da yawa, tare suke cin kasuwa. Tana zuwa suna, tana zuwa ta'aziyya, ana kawo mata tuwon salla, ita ma tana aika shinkafar Kirsimeti. Ba a taɓa jin ta aibata addininsu ko abin da suke girmamawa ba, ba ta kuma yarda a yi haka a gabanta. Ayarta a nan 1 Bitrus 3:15 ce: a zauna a shirye a ba da amsa ga mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi. Tambayar da ta fi zuwa ita ce yadda Allah zai yi ɗa. Takan ce ita ma ba ta yarda Allah ya yi aure ya haihu ba, babu Kiristan da ya yarda da haka, sai ta buɗe Luka 1:35 ta karanta abin da mala'ika ya gaya wa Maryamu, ta tsaya a nan. In tambaya ta fi ƙarfinta takan ce, "Ban sani ba, bari in tambayo." In ta ga hira ta fara zama gardama, murya tana tashi, mutane suna taruwa, sai ta ce dare ya yi, ta yi sallama. Ba a taɓa jin wanda ya ba da gaskiya don an kunyata shi a gaban jama'a ba.

Akwai kurakuran da ta ga sun lalata aikin shekaru, tana kuma yawan jan kunnen 'yan mata a kansu. Haɗa kyauta da tuba shi ne babba: ranar da ka ba da labari kada ka ba da atamfa ko kuɗi, in za ka taimaki mabukaci ka taimake shi wata rana dabam, ko ya saurare ka ko bai saurara ba. Koyar da yaro ba da sanin iyayensa ba, ko matar aure a ɓoye daga mijinta, yana jawo fitina ga wanda aka koyar da ikilisiya baki ɗaya. Alkawarin cewa in ka karɓi Yesu za ka warke ko ka yi arziki, ƙarya ce da take dawowa kan mai ita. Iya ta binne wani ɗan bayan baftismarta, ta san abin da take faɗa. Sai kuma na zamanin nan, ɗaukar hoton sabon mai bi a sa a Facebook ko WhatsApp don a ce an yi aiki. Wanda aka sa hotonsa shi zai kwana a gidan, mai ɗaukar hoton ya riga ya hau mota. Ko yaushe mutum zai bayyana wa danginsa, shi ne zai zaɓa.

Wani abin kuma da ya kamata masu wa'azi su ji: in kana gaban tsofaffin ƙauye kana tsarma Turanci a kowace jimla, kai ne ka toshe musu kunne, ba Shaiɗan ba.

Yanzu ido ya yi rauni. An cire mata yana a asibitin ido na ECWA da ke Kano, tana ganin hanya, amma ƙananan baƙaƙe sun gagare ta. Jikanta ya zuba mata Sabon Alkawari na Hausa a katin memori, ya sa a wata ƙaramar rediyo mai caji, ya nuna mata maɓalli uku: kunnawa, tsayarwa, komawa baya. Na ukun ya fi saurin gogewa. Sabon Alkawari sura 260 ne, don haka mai jin sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, zai gama shi daidai cikin mako 52. Ranar Alhamis mata takwas zuwa goma suke taruwa a tsakar gidanta, yawancinsu ba su iya karatu ba. Da farko sun bar rediyon tana ta zuba, sura huɗu, biyar, aka duba rabin matan suna gyangyaɗi. Yanzu sura ɗaya ce, in mai tsawo ce a raba ta biyu, a ji sau biyu, a kashe, wata ta maimaita da bakinta, sauran su cike abin da ta tsallake, sannan tambayoyin nan huɗu. Aya ɗaya da suka zaɓa sai a sa mata murya, a rera ta da tulu da caki har ta zauna. Ana kai rediyon caji ranar Laraba wurin mai sola, don sau da yawa taro ya watse saboda batir ya mutu a tsakiyar sura.

Rashin tsaro a yankin ya sauya wasu abubuwa. Ƙauyukan da ake zuwa a ƙafa da yamma a dawo bayan magariba, yanzu da hantsi ake zuwa, wasu ma an daina zuwa sai dai a haɗu da mutanensu a kasuwa. Taron Alhamis ya dawo ƙarfe uku don kowa ta isa gida da rana. Iya ba ta iya doguwar tafiya, mata biyu daga cikin waɗanda ta koyar su ne suke fita, in sun dawo su zauna su gaya mata gidan da suka shiga, labarin da suka bayar, da abin da aka amsa musu, ita kuma ta gaya musu wanda za su bayar mako mai zuwa.